Tsakuwa a Kan Kwalta

Tuƙin janwen Kawu, motar jawo motocin da suka faɗi, shi ne aikin da na fi daɗewa a kansa. Kafin nan na yi wankin mota, na yi facin taya, na tsare wa wani shagon caja, ko'ina ban daɗe ba. Da Inna ta gaji da ganin ina fita da safe ina dawowa da sabon labari, sai ta kama hannuna ta kai ni garejin yayanta.

"Ga shi nan, Yaya," in ji ta. "Tunda ƙafarsa ta ƙi zama wuri ɗaya, ka ɗora ta a kan totur."

Lokacin idon Kawu ya fara yana, ba ya ganin hanya sosai, don haka ya miƙo mini makulli. Shi yana zama a tsakiya yana ba da umarni, ni a sitiyari, Sarƙa kuma a bakin ƙofa. Sarƙa shi ke shiga ƙarƙashin motar da ta faɗi ya maƙala ƙugiya. Sarƙar janwe ce ta taɓa cinye masa yatsu biyu na hannun dama, sunan ya bi shi. Ƙato ne mai yawan dariya, kullum cikin rigar aiki ruwan lemo wadda maiƙo ya gama da ita. Ni kuwa Ɗan Jarida yake kirana, saboda wayata.

Ina ɗaukar hoto, amma ba irin na a tsaya a gyara riga ba. Da zarar mutum ya san ana ɗaukarsa sai ya canza fuska, ya zama wani. Ni abin da nake so shi ne makanike yana barci a ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kaɗai a waje. Ko kujerar roba ita kaɗai a ƙofar shagon da aka rufe. Ko tsohuwar motar da ciyawa ta fito ta tagarta. Ba na nuna wa kowa. In na kwanta sai in yi ta kallonsu, in ji kamar ranar ba ta wuce a banza ba.

A duk hanyoyin da muke bi akwai wurin da na fi ɗauka. Hanya tana hawa wani tsauni inda ake fasa dutse, ta gangaro, sai ta karya kwana zuwa hagu ba zato. A dama akwai rami mai faɗi, yashi a ƙasansa. Direbobin hanyar sun san kwanar, tun daga sama suke taka birki. Baƙo ne ba ya sani.

In muka dawo ba mu jawo komai ba, muna kaiwa saman tsaunin Kawu zai ce, "Shiga nan, injin ya huce." Akwai wata 'yar hanyar tifa da ta ratse bayan duwatsu, in ka shiga ba mai ganinka daga kwalta. Sai in kashe mota in sa makullin a aljihu, don abin da Kawu ya fara koya mini ke nan, direba ba ya barin makulli a jiki. Sarƙa ya ce zai zaga. Kawu ya jingina kai ya rufe ido. Ni kuma in hau wani faffaɗan dutse inda ake ganin kwanar gaba ɗaya daga sama. Babu sabis a wurin, babu mutane, sai shirwa tana shawagi.

Sau da yawa kafin injin ya gama hucewa sai mu ji ƙarar taya, sannan wani sauti mai nauyi. Kawu ya buɗe ido ya ce, "Allah ya kiyaye. Tayar da mota." Mu ne kullum farkon zuwa. A gareji har tsokanarsa ake yi, wai Kawu hancinsa ya fi idonsa gani. Ni ma ina dariya.

Yawanci mutane sukan fito da ƙafarsu, suna rawar jiki, suna yi mana godiya. Amma akwai ranar da aka ciro wata mata ba ta motsi. Aka tsayar da wata bas aka sa ta a ciki. Takalminta ɗaya ya rage a ƙasan kujera, na ɗauki hotonsa kafin Sarƙa ya ɗaura motar. Da na tambayi Kawu labarinta daga baya, sai ya ce, "Ta warke mana." Bai faɗi wanda ya gaya masa ba.

Ranar da nake son ba da labari, mun tsaya shan mai a gidan man ƙarshe kafin tsaunin. Rana ta karkata. A gefen famfo akwai wata ƙaramar mota shuɗiya, an ɗaure katifa a samanta, ga fanka da kujeru sun hana but ɗin baya rufuwa. Masu ƙaura ne. Uwar tana zuba wa 'yarta ruwan gora a hannu, yarinyar ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta manta da wankin hannun, hankalinta na kan wani ƙadangare. A kujerar baya jariri yana barci baki buɗe. Na laɓe a bayan janwe na ɗauke su. Ina dubawa na san ban taɓa yin mai kyau kamarsa ba.

Sai ga maigidan ya nufo mu, siriri, farar riga, biro a aljihu.

"Sannunku da aiki. Don Allah yaya gaba take? An yi mini canjin wurin aiki ne, ban taɓa bin hanyar nan ba."

Na buɗe baki zan yi maganar kwanar, Sarƙa ya riga ni.

"Yallaɓai, hanya kamar tafin hannu. Ka taka abinka kawai, kafin rana ta faɗi kun isa."

Ya tsuguna wajen tayar gaba, ya shafa ta da babban yatsa. "Kai, wannan ta ga duniya."

Mutumin ya yi dariyar kunya. "Ai ana lallaɓawa. In mun zauna zan canza."

"Allah ya ba da iko. 'Yan mata, ba gaisuwa?" Ya miƙa wa yarinyar hannu. Ta dubi gurbin yatsun, ta koma bayan uwarta.

Da muka shiga mota Kawu ya ce, "Yaya?"

"Tayoyin sulɓi ne," in ji Sarƙa. "Gaba da baya. Ga kaya a ka."

"To mu je."

Na ɗauka gulmar masu janwe ce kawai, don ba motar da za ta wuce ba su yi mata tsegumi ba. Muka bar su a can, uwar tana canza wa jaririn kaya.

A saman tsauni Kawu ya faɗi abin da ya saba faɗa. Na ratse, na kashe, na zare makulli. Sarƙa ya tafi zagawarsa. Na hau dutsena.

Hasken ya yi kyau ranar, ja-ja a kan baƙar kwalta. Na ɗaga waya na danna, sai ta ce ta cika. Na zauna na fara neman abin gogewa. Hotunan kwanar sun fi komai yawa, tunda duk zuwa sai na yi biyu ko uku daga wuri ɗaya, don haka da su na fara. Ina ja da sauri, hoto yana bin hoto, sai na lura hanyar tana canza launi. A wannan baƙa ce wuluk. A na gaba, wanda na ɗauka jim kaɗan bayansa, wani fari-fari ya ratsa ta daidai inda kwanar ta fi tsanani.

Na buɗa hoton da yatsu biyu. Tsakuwa ce. A bakin hanya kuma ga wani ɗigo ruwan lemo, ya sunkuya, da wani dogon abu a hannu.

Na koma wata ranar. Baƙar hanya, sannan tsakuwa, sannan ɗigon. Na koma wata. Haka. Ni da hannuna na ɗauke su duka, ina kallon gajimare da inuwar dutse, ban taɓa duba ƙasan hoton ba. Na kai kan wata rana da aka yi hadari, baƙar hanya, tsakuwa, ɗigon, na ƙara ja sau ɗaya sai ga takalmin matar nan a ƙasan kujera.

A lokacin ne kunnena ya kama sautin. Ƙarr, ƙarr. Na sha jin sa a wurin, ina cewa masu fasa dutse ne. Na leƙa ƙasa. Sarƙa ne da shebur ɗinmu, wanda ni nake wankewa duk mako. Yana ɗibar tsakuwa daga tarin da tifofi ke zubarwa a gefe, yana watsa ta a kan kwalta a natse, kamar mai ba kaji hatsi.

Na juya ɗaya ɓangaren. Can ƙasa, inda hanya ta fara hawa, ga wani shuɗin abu da farin abu a kansa. Yana tahowa da gudu. An ce wa mutumin ya taka.

Ban san yadda na sauko ba. Gwiwata ta daki dutse, wandona ya yage, ban tsaya ba. Na faɗa mota ina laluben makulli. Kawu ya buɗe ido.

"Lafiya? An faɗi ne? Ban ji ƙara ba."

"Kawu, Sarƙa tsakuwa yake zubawa a kwana."

Bai yi mamaki ba. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya gyara zama kawai, ya ce, "Zauna, ɗana. Numfasa."

Na tura makulli na murɗa. Hannunsa ya sauka a wuyan hannuna. Tsoho ne, amma hannun wanda ya yi shekaru yana jan sarƙa ne.

"Kashe motar nan."

"Akwai jariri a ciki, Kawu."

"Ramin yashi ne. Ba a mutuwa a nan. Mota ta ɗan lotse, mu ja, kowa ya tafi gida."

"Matar nan mai takalmi fa?"

Ya dube ni da idanun nan masu yana. Na jira ya sake cewa ta warke. Bai sake ba.

Na fizge hannuna na sa giya.

Hanyar tifar tana haɗuwa da kwalta ne daidai inda gangara ta fara. Na fito da hancin janwe, sai ga shuɗiyar motar ta kunno kai daga hawan, kusa ƙwarai. Na shige gaban mutumin. Na ji ƙarar birkinsa, na ji hon. Na kunna duk fitilar da janwen ke da ita, har da mai juyawa ta sama, na hau tsakiyar hanya, na bar mota a giya ta ɗaya.

Hon ya yi ta tashi. A madubi ina ganin katifar tana lilo, ya leƙo ta hagu na tare, ya koma dama na tare. Ya fito da hannu yana yi mini daƙuwa. Kawu yana ta magana a gefena, wai zan kashe mu, wai uwata ba haka ta haife ni ba, ban ma iya jin rabinsa. Idona na kan farin layin tsakuwar nan da ke matsowa.

Tayoyina suka hau tsakuwa. Janwe mai nauyi, tana tafiyar da mai ƙafa zai iya bin ta, amma sai da na ji ta ɗan zame a ƙarƙashina. Na dubi madubi. Shuɗiyar motar ta shigo. Bayanta ya goce zuwa wajen ramin, katifar ta karkata, na ga bakin matar a buɗe. Sai tayar ta sake kama kwalta, motar ta miƙe.

Da muka fita daga kwanar na sauka gefe na tsaya. Mutumin ya zo daidai tagata, jijiyoyin wuyansa a tashe.

"Kai wane irin mahaukaci ne? Da iyalina a mota! Wa ya ba irinku tuƙi? Allah ya isa!"

Ya figi mota. Yarinyar ta manna fuska a gilashin baya tana kallona har suka ɓace. Ba don komai ba hannuna ya kai aljihu wajen waya, sai na tuna ta cika.

Shiru ya dawo. Injin kaɗai ke kaɗawa.

A madubin gefe na ga Sarƙa ya fito daga bayan wani dutse. Shebur a kafaɗa, yana tafe a hankali, ba gaggawa. Yana murmushi. Bai zaga wajen ƙofarsa ba, tawa ya buɗe.

"Ɗan Jarida. Yau kuma kai ne mai ba da hannu a hanya?"

Ya dubi yagaggen wandona.

"Gwiwarka na jini. Gudu ka yi? Me ka gani a sama haka?" Ya miƙo hannun nan mai yatsu uku. "Kawo mu sha kallo. Kullum kana ɗauka, ba ka taɓa nuna wa yayanka ba."

Na dubi Kawu. Kawu yana kallon gaba.

"Ba shi," in ji shi.

Na ba shi. Wayar tana buɗe a kan hoton takalmin. Ya ja baya, ya ja baya, ya buɗa da yatsu kamar yadda na yi. Ya gyaɗa kai.

"Wallahi ka iya. Dubi yadda na fito. Kawu, da kana gani da ka ga na yi ƙiba." Ya fara gogewa, ɗaya bayan ɗaya, yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Da ya iso kan hoton gidan mai ya tsaya ya daɗe yana kallo. "Wannan kam a bar shi. Yarinyar ba ta da tarbiyya, amma a bar shi."

Sai ya ja da baya taku kaɗan, ya ɗaga wayar. Kafin in kau da kai na ji ƙyas.

"Irin wanda kake so ke nan, ko? Wanda mutum bai shirya ba."

Ya juyo mini da ita. Ni ne a sitiyari, baki a ɗan buɗe, ido a waje. Ga lambar janwe a jikin ƙofa. A bayana ga kwanar, ga tsakuwa fari fat.

"Ka ga," ya ce, muryarsa a sanyaye, kamar mai koya wa ƙane aiki, "duk motar da aka ciro daga ramin nan, wa ke tuƙa janwen? Wa ke ɓoye ta a bayan dutse? Wa ke hawa sama yana leƙen hanya? Kawunka ba ya gani. Ni kuwa ɗan ɗaura sarƙa ne, ko karatu ban iya ba." Ya zura wayar a aljihun rigarsa ya ja zif. "Zan riƙe maka. Kar ta faɗi."

Na sauko daga mota.

"Ba ni shebur ɗin."

Ya yi dariya har da dafa ƙofa. "Kawu, ka ji? Zai yi wa gwamnati shara."

"Shigo mu tafi gida," in ji Kawu. Muryarsa ta tsufa a 'yan mintocin nan. "Shigo, ɗana, ma yi magana a hanya. Me kake so in gaya wa uwarka?"

"Ka gaya mata inda ka bar ni. Da abin da nake kwashewa."

Sarƙa ya wurgo shebur ɗin, ya faɗi a kwalta da ƙara. Ya hau kujerata. Makullin yana jiki, karo na farko da na bar shi.

"Kwashe da kyau, Ɗan Jarida," ya ce ta taga. "Tsakuwa ba ta ƙarewa a tsaunin nan."

Janwen ta gangara, sarƙarta tana kaɗawa a baya, cas, cas, cas, har ta sha wata lanƙwasar ta ɓace.

Na koma kwanar. Daga sama tsakuwar kamar ɗan zane ce, amma da na tsaya a kanta sai na ga ta rufe hanya daga wannan baki zuwa wancan, ƙanana, masu sulɓi, suna birgima a ƙarƙashin takalmina. Na fara turawa zuwa ramin. Ƙarr, ƙarr. Sautin nan dai, yanzu a hannuna. A ƙasan ramin fasassun gilasai suna ƙyalli a cikin yashi, da murfin taya, da wani abin wasan yara da rana ta cinye wa launi. Sau nawa na tsaya a nan ban ɗauke su ba.

Rana ta taɓa kan dutse. Inuwa ta rufe rabin kwanar. Ban kai rabi ba tafin hannuna ya fara ɗurar ruwa.

Na tsaya in share gumi, sai na ji. Daga ƙasa, inda janwen ta bi. Cas, cas, cas. Ta juyo. Sautin ya matso, ya matso, ya tsaya a bayan lanƙwasar, inda ba na iya gani. Aka kashe injin. Ba a buɗe ƙofa ba, ba wanda ya kira ni.

Jira suke yi.

Sai na ji wani sautin, daga sama. Mota ce babba, a cike, mai ita bai ɗaga ƙafa daga totur ba. Wanda ya san hanyar nan da tuni ya fara taka birki.

Na dubi tsakuwar da ta rage. Na yar da shebur, na tuɓe rigata, na kama hawan da gudu a tsakiyar kwalta, ina kaɗa ta sama da kaina.